Baba Sanyi da Kwamfutar Cikin Firji

A matsa, a ba da hanya! Mai hula ya gyara mata zama, mai tari ya haɗiye abinsa. Ga uban ƙanƙara, ga dodon zafi, ga wanda firji ke jin takunsa ya daina ƙugi don ladabi. Ga mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana cusa kai a bayan firjin jama'a, ko ƙwai ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ga Baba Sanyi, kamar yadda duk layinmu ke kiransa. Ni dai wan mahaifiyata ne, don haka Kawu zan ce, wanda abin bai yi masa ba ya je ya nemo nasa kawun.

In ka gan shi ba za ka yarda shi ake yi wa wannan kirari ba. Gajere ne, siriri, kansa tal babu gashi, yatsunsa duk tabon ƙuna. Aji huɗu ya yi a makaranta ya gudu, ya tare a wani shagon gyara a bayan kasuwa, a nan ya koyi sana'a. Yadda yake duba firji shi ne ya ɗora bakin sukuddireba a kan kwamfaresa, injin nan da ke ƙugi a baya, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar likita. Minti ɗaya ya ishe shi ya faɗa maka ciwon. Magana ba ta dame shi ba, amma akwai guda ɗaya da ya maimaita har muka haddace: wai babu wani abu mai suna sanyi a duniya, zafi ne kawai ake ɗauka daga nan a kai shi can.

Matarsa kuwa Malama ce, shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya. Ta fi shi tsawo, ta fi shi baki, ta fi shi ilimi, kuma ba ta taɓa barin ya manta da ko ɗaya ba. Amma tun ranar da suka sami firjin kansu, Kawu bai taɓa dawowa daga aiki ya rasa ruwan sanyi a wani babban kofin silba ba. Ko sun yi faɗa da safe, kofin na nan. Sai dai ta dire shi da ƙarfi.

Ciwon nata a hankali ya shigo. Makulli a cikin tukunya, gishiri sau biyu a miya, sunan maƙwabciya ya ɓace a tsakiyar gaisuwa. Ana ta dariya, ita ma tana yi. Sai wata rana da hantsi Kawu ya fito daga bayan firjin falonsu yana goge hannu, ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Mai gyara, ka gama? Maigidan ba ya nan, sai dai ka dawo."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Malama, ni ne fa."

Ihun da ta kurma sai da maƙwabta suka shigo ba takalmi. Kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, tana kuka tana cewa wani tsoho ya shigo mata gida yana da'awar shi ne mijinta. Likita ya ce kada a ƙara yi mata gardama, duk inda hankalinta ya tsaya a bi ta can. Hankalinta kuwa ya tsaya ne a kan shi Kawun lokacin yana saurayi ɗan shekara talatin mai sumar kai, wanda ya tafi aiki yanzu zai dawo.

Daga ranar Kawu ya kwashe kayansa ya koma ɗan ɗakin ajiya na bakin ƙofa. Auta, ƙaramar 'yarsu, ta dawo gida don kula da uwar. Kullum da safe sai ya rataya jakar aiki, ya ƙwanƙwasa ƙofar falon da shi ya kafa ta da hannunsa, ya yi sallama, a ba shi izini. Ya durƙusa a bayan firjin da lafiyarsa ƙalau, ya kwance kusoshin da ya ɗaure jiya. A haka yake samun wuni kusa da matarsa. Wani lokaci ta ce wa Auta, a gabansa, "Wannan mai gyaran akwai ladabi, amma hannunsa kamar na hawainiya."

Auta ce ta tono kwalin kaset-kaset. A da can Kawu yana da wata tsohuwar kyamarar bidiyo, ya shekara ashirin yana bin iyalinsa da ita. Ta kai wani shago aka juye su a kan faifan kwamfuta, ko Allah zai sa uwar ta ga wani abu ta tuna. Kaset ashirin da uku, an ga yara, an ga dangi, an ga har kyanwar da ta mutu tun ban yi wayo ba. Ba a ga Kawu ba. Shi ke riƙe da kyamarar kullum.

Wuri ɗaya tak fuskarsa ta fito, minti uku. Ranar Malama ce ta ƙwace kyamarar. Ana jin muryarta tana tsokanarsa, shi kuma yana durƙushe a bayan firji, ɗan shekara arba'in da biyar, rabin sumar ta tafi, ya juyo yana dariya. Kuma daidai wurin ne danshi ya ci kaset ɗin. Fuskar ta zama kamar an dangwala babban yatsa a ɗanyen fenti.

Kawu ya kalli wurin ya fi sau talatin. Wani tunani ya kama shi ya ƙi saki. Tana sane da mai suma, ba ta san mai sanƙo ba. To ga na tsakiya, mai rabi da rabi, a durƙushe daidai inda yake durƙusawa kullum, ga kuma muryarta tana kiransa maigida. In ta ga wannan fuskar tar, ai za ta iya takowa daga wancan zuwa wannan, ko da sau ɗaya ne. Sau ɗaya kawai yake nema.

A haka ya hau matakalar shagon Tabarau, wani mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta wanda ƙafar gilashinsa ɗaya da waya aka ɗaure ta. Tabarau ya ce akwai manhajar da ke wanke irin wannan hoto, sai dai tana son inji mai ƙarfi.

"Kawo faifan, Baba, in sa yarana su yi maka."

"Dariyar matata ce a ciki. Ba za ta kwana a shago ba."

"To ka iya kwamfuta ne?"

"Tana da waya?"

"Tana da ita."

"Tana da fanka?"

"Har biyu."

"To 'yar gidanmu ce. Zubo kayan."

Ya haɗa ta a kan teburin ɗakin ajiya, ya shimfiɗa tawul. Babban allon da komai ke hawa kansa, ƙwaƙwalwar da ba ta fi girman biskit ba, sandunan ram guda biyu masu riƙe mata aikin da take kai, duk kwance ne, an sha amfani da su. Man da ake shafa wa ƙwaƙwalwa don zafi ya wuce, Kawu ya lafta shi kamar mai yaɓen gini. Da Tabarau ya zo dubawa sai da ya cire gilashi ya goge.

"Baba, ƙwayar shinkafa ɗaya na ce, ba filastar ɗaki ba!"

Aka goge aka sake. Aka kunna, shiru. Wuni guda Kawu yana bin wayoyi da abin gwajin wuta, ashe wata 'yar ƙaramar waya ce a kusurwa ba a soke ba. Da ta yi ƙara tit, rubutu ya hau allon kallo, bai yi murna ba. Ya dai je ya ƙwanƙwasa falo ya tambayi Malama ko tana bukatar wani abu.

Da yatsa ɗaya ya koyi dannawa, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. Ya jona mata baturan da ya tanada don kada ɗaukewar wuta ta katse aiki. Ya sa mintuna ukun nan a manhaja. Injin ya ce kwana huɗu.

Bayan kwana huɗu aka sami mutum mai ido uku. Ya canza saiti, wasu kwana huɗun, aka sami wata mata mai gemu. Na uku ya fito da wani kyakkyawan mutum mai dogon hanci, wanda ni kaina na so a ce shi ne kawuna. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta juye ta fita da gudu.

Domin a cikin waɗannan kwanakin uwar ba tsayawa ta yi tana jira ba. A satin mai ido uku ta daina gane agogo. A satin mai gemu ta ɗauki littafi ta juya shi sama da ƙasa, matar da ta koya wa rabin unguwa baƙi da wasali, ta ajiye ta ce rubutun ya lalace. Sati na uku ta fara ce wa Auta "yarinyar nan". Kawu yana bayan firji yana ji. Kowane gwaji kwana huɗu, kowane sati a rasa wani abu. Ba sai ka gama aji huɗu ba kafin ka gane wa zai riga wani.

Ya koma wurin Tabarau. "Ba ta sauri."

"Iya ƙarfinta ke nan. Sai dai in za a yi mata obakulok."

"Yi min da Hausa."

"Masu ƙera ta sun san za ta iya gudun da ya fi haka, amma suka dabaibaye ta. Kana iya shiga ka kwance dabaibayin kaɗan kaɗan, ka ƙara mata wuta. Sai dai fa tana ƙara gudu tana ƙara zafi, in ya yi yawa ta ƙone, shi ke nan sai ta'aziyya."

"Zafi?" Kawu ya ce. "Matsalar ke nan duka?"

Tabarau ya rantse mini wannan ne karon farko da ya ga haƙoran Kawu.

Gudun injin lamba ce, uku da ɗigo shida. Kawu ya koyi shiga wani shafi da ke fitowa kafin komai ya tashi, ya ɗaga lambar taki ɗaya, ya ƙara wuta ɗan mitsitsi, ya ɗora mata aiki mai nauyi na awa guda yana kallon ma'aunin zafi. In ta jure, ya rubuta a bayan ƙofa da ragowar allin Malama. In allo ya yi shuɗi ta suma, ya ja da baya rabin taki. Yana kai bayan hannunsa kusa da ita kamar mai duba zazzaɓin jariri. Da babbar fanka ya kai ta huɗu da ɗigo biyu. A huɗu da ɗigo huɗu zafi ya haura digiri casa'in, ta ce ita fa ba da ita ba.

Nan sana'a ta motsa. Ya ciro kwamfaresar wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya lanƙwasa bututun jan ƙarfe, ya kwana uku yana goga wani ɗan curin tagulla har ya yi sumul, yadda zai zauna daram a kan ƙwaƙwalwar ya kwashe zafinta. Tabarau ya zo ya gani ya dafe ƙeya.

"Baba, abu in ya fi ɗaki sanyi gumi yake yi fa. Ɗigo ɗaya a kan allon nan..."

"Kai yaro. Ni za ka koya wa gumin bututu? Ina naɗe bututu kana tsumman goyo."

Kuma gaskiyarsa ne. Ya naɗe kowane bututu da soso, ya cike kewayen ƙwaƙwalwar da man giris. Sannan ya ɗauko gangar wani ƙaramin firji da ya mutu, ya zura kwamfutar gaba ɗaya a ciki, ya sa sabuwar robar ƙofa, ya toshe ramin wayoyi, ya zuba 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi. Iskar waje ba ta shiga, gumi ba shi da ta inda zai fito. Doka ɗaya ce: in tana aiki ba a buɗe ƙofa. Ya gaya wa Auta. Ya gaya wa Tabarau. Ni sau uku ya gaya mini, ban san me ya sa ba. Malama bai gaya mata ba, rabonta da ɗakin an yi watanni. Kwaɗo kuma bai sa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara ƙofar firji don ta buɗu da sauƙi, tunanin kwaɗo ba ya zo masa.

Allin bayan ƙofa ya ci gaba da hawa. Huɗu da shida. Huɗu da tara. Biyar da ɗigo ɗaya, ta tsaya cak ba ko tangaɗi. Tabarau ya ce tun da yake bai taɓa jin wanda ya kai irin wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa nan ba, ya nemi ya ɗauki hoto, aka hana shi. Duk wannan wahala, kwana huɗu ya koma uku babu kaɗan. Auta ta ce, "Baba, kwana ɗaya kawai?" Ya ce, "Kin san abin da take mantawa a kwana ɗaya?"

A gwaji na tara, hotunan farko da suka fara fitowa suka sa ya zauna a kan gado ba shiri. Kunnensa ne, mai ɗan lanƙwasa. Hancinsa ne, ba na aro ba. Ga wushiryarsa. Bai gaya wa kowa ba, ya dai je aka yi masa aski, duk da babu abin askewa.

Rana ta biyu aka wayi gari da ruwan sama, ya ɗauke da hantsi ya bar iska jiƙe. Maganin Malama ya ƙare, Kawu ya fita sayowa. Auta tana bayan gida tana shanya.

Tun daga bakin ƙofa kunnensa ya gaya masa. Kwamfaresa na ƙugi, amma ƙugin wofi, irin na injin da ba shi da zafin ɗauka. Sannan ƙauri ya iso. Allo baƙi ƙirin. Ƙofar ƙaramin firjin a buɗe kamar yatsa biyu, an ture wayoyi gefe sun tokare robar. Ya durƙusa ya buɗe. Raɓa ta kwanta a kan komai, tana ɗiga a hankali daga curin tagulla, ga wani baƙin tabo a gefen ƙwaƙwalwar. A saman, inda aka ture wayoyin aka yi wuri, ga kofin silba cike da ruwa.

"Kar ka taɓa, na maigidan ne."

Malama ce zaune a kan kujera a bayan ƙofa, ta gyara mayafi, hannu a cinya. Bai ma lura da ita ba.

"Na ji yana ƙara, na ce to Allah ya yi, mai gyara ya gama ɗaya," ta ce. "Yanzu zai dawo, kuma ba ya son ruwan randa. In bai tarar da mai sanyi ba ba zai yi magana ba, shi ba ya magana, amma ni na sani."

Kawu ya daɗe a durƙushe, ledar magani a hannunsa. Akwai ihu a ƙirjinsa, ya rasa wanda zai yi wa. Ya ajiye ledar.

"Malama, wane iri ne maigidan naki?"

"Gajere ne kamar kai." Ta ƙare masa kallo. "Amma ya fi ka iya aiki. Shi da tuni ya gama."

"Haka ne."

"Kuma ya fi ka fara'a. Kai kullum kamar an aiko maka da mutuwa." Ta ɗan sunkuyo. "Kuka kake yi?"

"Gas ne ya shiga mini ido."

"Allah sarki. Tun safe kana fama, ko ruwa ba a ba ka ba, yarinyar nan ba ta da kara." Ta yi shawara da zuciyarta, kamar wadda za ta ba da abin da ba nata ba. "To ɗauko. Sha rabi, ka rage masa rabi. Ba zai yi faɗa ba."

Ya ɗauko da hannu biyu. Ruwan ya yi sanyi ƙarara. Ya sha rabi daidai, ya mayar.

Washegari Tabarau ya duba ya ce babban allo da ƙwaƙwalwa sun tafi, amma faifan na nan lafiya, a ba shi sati biyu ya nemo wasu, a sake daga farko. Har ya ce wannan karon shi zai kawo kwaɗo. Kawu ya ce a bari. Tabarau ya ce, "Baba, ka fa kusa!" Kawu ya ce ya sani.

A yini ɗaya ya kwashe kayan kwamfutar ya zuba a kwalin kaset-kaset, ya mayar da ƙaramin firjin firji na gaske. Wannan karon bai yi hannun hawainiya ba. Ya ja shi ya kai bakin ƙofar falo, inda za ta riƙa jin ƙuginsa. Lambobin allin suna nan a bayan ƙofa, bai goge ba, bai kuma ƙara kallonsu ba.

Wata bakwai ke nan. Maganar Malama ta ragu ƙwarai, wani yinin kalma biyar ba ta cika. Cokali ma sai an riƙa mata. Amma da la'asar ta yi sai ta miƙe, ta lallaɓa ta buɗe ƙaramin firjin, ta ɗauko kofin da ta sa da safe, ta miƙa wa mai gyara, ta nuna masa tsakiyar kofin da yatsa. Ya sha zuwa nan. Ragowar takan zauna da shi a cinya tana kallon ƙofa, har sanyin ya fita, Auta ta zo ta karɓe a hankali.

Jiya na same shi a bayan babban firjin falo yana kwance kusoshin da ya ɗaure shekaranjiya. Na ce masa na rubuta tarihinsa, duniya za ta ji. Na tsaya a kansa na gyara murya na karanto masa tun daga uban ƙanƙara har dodon zafi, na ƙara da sabo, gwarzon da ya kai tsohuwar ƙwaƙwalwa biyar da ɗigo ɗaya, abin da ya gagari masu digiri. Na jira in ga ko haƙoran nan za su sake fitowa.

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka gama? To matsa, ka tare min haske."